Liman da Mamu, Sarki da Talaka

Wanda ya fita daga Garwa ya ƙetare gadar Binuwai ya miƙi kwaltar da ta nufi Ngaundare, kafin awa guda ta cika zai iske kansa a Ngong, garin da ke cikin ƙasar Lamiɗon Cebowa, wanda a da ba ya cikin garuruwan da ake ambata, amma yau ya zama matattarar masara da gyaɗa da shanu, har kasuwarsa ta ranar Litinin takan tara fatake daga kudu da arewa da ƙetaren iyakar Najeriya. Abin da ya cika garin da ƙauyukansa shi ne ƙaurar manoma daga arewa mai nisa, Tupuri da Mafa da Giziga da Mundang, waɗanda fari da ƙarancin gona suka koro tun daga shekarun 1970, zamanin da aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, aka kuma datse kogi a Lagdo, aikin da aka gama a 1982. Suka zo suka tarar da Fulani masu sarauta da garke, da Hausawa da Barebari masu fatauci da allo, aka zauna Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya a kan ƙasa guda. Mutumin wannan wuri, manomi ne ko mahauci ko dillalin shanu, shugabanni sun yi masa yawa a ka: akwai jauro, akwai lawan, akwai lamiɗo da dogaransa, ga magajin gari da aka zaɓa da ƙuri'a, ga wakilin gwamnati da aka naɗo daga Yawunde, ga jandarmomi a bakin hanya, kowannensu da abin da yake nema a wurinsa. Saboda haka mas'alar iyakar ɗa'a ga shugaba, da lokacin da ya halatta a ce masa ya kuskure, a nan ta fi ƙarfin zauren karatu, domin ana cin karo da ita a gona da kasuwa da ƙofar fada.

Amsa iri biyu ce ta fi yawo a bakin jama'a. Dattawa, da waɗanda suka ga abin da tashin hankali ya haifar a wasu wurare, sukan ce bin na gaba bin Allah, mulki kuma Allah ne ke bayarwa, wanda ya ja da mai shi ya ja da hukuncin Ubangiji, sai dai haƙuri da addu'a. Samari kuwa, musamman waɗanda suka yiwo karatu a Marwa ko Kano ko Madina, ko suka ɗauko wa'azinsu daga wayar hannu, sukan ce duk malamin da ya taka ƙofar fada ya sayar da addininsa, shirun da manya ke yi kuma tsoro ne aka naɗa wa rawani. Kowane ɓangare yana da ayoyi da hadisan da zai kafa hujja da su, kuma babu wanda ya fito hannu rabbana. Amma ni a ganina an tafi neman amsar nesa, alhali kuwa tana cikin littattafan da kowane ɗalibi ya fara buɗewa a gaban malaminsa, watau Ahalari da Ishmawi da Risala, a babin salla, inda aka tsara abin da ke tsakanin liman da mamu.

A tsaya a bayan masu awo ranar kasuwa idan azahar ta yi. Za a ga an kife kwanon awo a bakin buhu, an wanke ƙurar masara daga damtse da ɗan ruwan buta, an shimfiɗa tabarma da buhunan da aka zazzage, sa'an nan a tura mutum guda gaba, wanda galibi jarinsa bai kai na rabin waɗanda ke bayansa ba, ya dai fi su karatu. Alhajin da ya cika babbar mota da safe zai haɗa kafaɗa da ɗan dakon da ya yi masa lodi, kuma daga kabbarar harama har zuwa sallama babu mai riga wannan liman ɗaga kai ko sunkuyar da shi. Malaman Malikiyya sun tsananta a nan ƙwarai: wanda ya riga liman kabbarar harama ko sallama, sallarsa ta ɓaci, wanda ya riga shi ruku'u ko sujada da gangan ya aikata haram, kuma ganin da mamu yake yi cewa ya fi limamin ƙira'a, ko ya san wani aibi a halinsa wanda bai shafi sallar ba, bai ba shi ikon yin gaban kansa ba. Wannan ita ce ɗa'a, kuma ba a yi mata rangwame ba. To, amma idan limamin nan ya yi rafkanuwa ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, hukuncin da ya hau kan mamun da ya tabbata cewa huɗu sun cika shi ne ya zauna daram, ya yi tasbihi da ƙarfi don liman ya ji, idan kuma tasbihin bai isar ba ya yi masa magana a taƙaice gwargwadon abin da zai gyara sallar; in ya san kuskure ne ya bi shi don kunya ko kara, tasa sallar ce ta ɓaci. Ga shi kuwa duk da zaman nan da ya yi, bai fita daga sahu ba, bai juya wa alƙibla baya ba, bai kuma tura wani gaba ya kafa sabon jam'i ba. Yana nan bayan limaminsa har a yi sujadar ba'adi tare.

Shi ma liman ba a bar shi sakaka ba. An hore shi da sauƙaƙawa saboda tsoho da majinyaci da mai uzuri da ke bayansa, kamar yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Mu'azu ɗan Jabal a kan tsawaita karatu. An karhanta masa limancin mutanen da suke ƙinsa saboda wani dalili na addini. In ya tsaya a wuri mai tudu sama da mamu da nufin girman kai, sallarsa ta ɓaci. In alwalarsa ta karye, wajibi ne ya ja baya, an kuma so ya gabatar da wani ya ƙarasa da mutane, kamar yadda Sayyidina Umaru, da aka soke shi a sallar asuba, ya kamo hannun Abdurrahmani ɗan Aufu ya sa shi a gaba; in kuwa ya san ta karye ya ɓoye ya ci gaba don kada a ga kasawarsa, ya ɓata tasa ya ɓata ta jama'a baki ɗaya. Akwai kuma hadisin Zulyadaini, wanda ya kamata kowane mai tsoron magana ya riƙa tunawa: Manzon Allah ya sallame bayan raka'a biyu a salla mai huɗu, Abubakar da Umaru suna cikin sahu amma kwarjini ya hana su furta kome, sai wani sahabi wanda ba ya cikin na gaba-gaba ya tambaya da ladabi ko an rage sallar ne ko mantuwa aka yi; aka bincika, aka tarar da gaskiyarsa, aka cika abin da ya rage, ba a kuwa ji wanda ya ce ya yi rashin kunya ba.

Kada a ce wannan ƙiyasi ne na son zuciya. Sahabbai da kansu, da suka zo zaɓen halifa, cikin hujjojin da suka kafa har da cewa Abubakar ne aka gabatar ya yi musu limanci a jinyar ƙarshe ta Manzo. Malaman usuli kuma suna kiran shugabancin al'umma babban limanci, na salla ƙarami. Shi kansa Abubakar, a huɗubarsa ta farko, ya nemi a taimake shi in ya kyautata, a miƙe shi in ya karkace, ya kuma sauke wa mutane nauyin bin sa a duk abin da ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Hadisan da suka yi umurni da ji da bi, ko da mutum ba ya so, da waɗanda suka ce babu ɗa'a ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci, da wanda ya sanya faɗin gaskiya a gaban azzalumin sarki a cikin mafificin jihadi, duk daga baki ɗaya suka fito, kuma wanda ya ɗauki kashi ɗaya ya yar da sauran ya yi wa Sunna yankan ƙauna. Abin da jumhurun malamai suka hana shi ne zare takobi a kan shugaba Musulmi saboda zaluncinsa, domin sun ga abin da ya auku tun daga kisan Sayyidina Usmanu zuwa Karbala da Harra, sun auna ɓarnar yaƙin basasa da ɓarnar zalunci suka ga ta farko ta fi muni. Hanin tawaye kuwa bai taɓa zama umurni da yin shiru ba, balle da yabon ƙarya.

Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi daga Sakkwato har Ngaundare, shi ne madubin wannan. Bayan tashin Muhammadu Nafsuz Zakiyya a Madina a shekara ta 145 bayan Hijira, gwamnan garin ya hana shi karantar da cewa sakin da aka tilasta wa mutum bai saku ba, domin mutane sun fahimci cewa mubaya'ar tilas ma haka take. Ya ƙi dainawa, aka yi masa bulala har kafaɗarsa ta goce, bai janye fatawar ba, bai kuma tara runduna ba. Bayan haka, da halifan Abbasiyawa ya nemi ya ɗora wa dukan daula littafinsa Muwaɗɗa, sai ya ƙi, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilmin da ya iso masa. Mutumin da ya ƙi a rufe masa baki da bulala, shi ne kuma ya ƙi a rufe bakin wasu da littafinsa. Ahmadu ɗan Hambali ma an ɗaure shi, an doke shi a zamanin Mu'utasimu a kan mas'alar halittar Alƙur'ani, bai faɗi abin da ake so ya faɗa ba, amma da malaman Bagadaza suka zo masa a zamanin Wasiƙu da shawarar a warware mubaya'a, sai ya hana su saboda gudun zubar da jini.

Inda malamai suka saɓa shi ne ko nasiha ga shugaba a asirce za a yi ta ko a bainar jama'a, kuma a kan wannan ne ake ta kai ruwa rana a masallatanmu. Masu cewa a asirce suna da hadisin da ya ce a kama hannun mai mulki a kaɗaita da shi. Masu cewa a sarari suna da Abu Sa'idu Alkhudri, wanda ya yi wa Marwanu, gwamnan Madina, inkari a filin Idi da ya nemi gabatar da huɗuba kafin salla. Abin da ya fi kwanta mini shi ne a duba irin laifin. Aibin da ya tsaya a kan mai sarauta shi kaɗai, a rufa masa asiri a yi masa magana a cikin soro. Amma haƙƙin jama'a da aka ci a gaban jama'a, ko hukuncin Allah da aka juya kowa yana gani, wannan tasbihinsa dole ya zama mai sauti, in ba haka ba na bayan sahu za su ɗauka raka'a ta biyar ma daga salla take. Da sharaɗin kuma cewa ƙofar soron a buɗe take, domin wanda ya toshe hanyar nasiha ta ɓoye ba shi da bakin kukan an yi masa ta fili.

Tutar da ta kafa sarautun ƙasar nan daga hannun mai irin wannan nasiha ta fito. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara wa'azi wajen 1774, ya yi kusan shekara talatin bai ɗauki makami ba. A Magami, wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a ranar Idi ya yi musu kyauta, Shehu ya mayar da zinariyar da aka ba shi ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai amsa kiran, a mutunta mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. A lura da cewa biyu daga cikin biyar ɗin ba na malamai ba ne, na fursuna ne da manomi. Sai da Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi da rawani da mayafi, magajinsa Yunfa kuma ya kai ga farmaki a kan jama'a, sa'an nan aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto. A littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa al'adun mulkin da ya yaƙa, cikinsu akwai gadon sarauta da ƙarfi ba da shawara ba, da jangali da kuɗin gari da sauran abin da shari'a ba ta aza ba, da gaisuwar da ake kai wa masu iko, da toshiyar alƙalai, da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Bayan an ci nasara ma inkarin bai mutu ba. Ƙaninsa Malam Abdullahi, da ya ga son dukiya da muƙami ya fara shiga zukatan mayaƙa, ya bar runduna wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsai da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami ya koma. Shehu Alkanemi na Barno ya aiko da takardu yana tuhumar halaccin yaƙar maƙwabta Musulmi, Muhammadu Bello kuwa, maimakon ya ƙone takardun, sai ya kwafe su tare da amsarsa a cikin Infaƙul Maisuri, har muke karanta hujjar abokin jayayyarsa a yau.

A nan Fombina, ƙasar da Modibbo Adama ya kafa, an ga ɗaya fuskar al'amarin, kuma ita ce dalilin da ya sa ba na raina tsoron dattawa. Modibbo Adama ya karɓo tuta wajen 1809, ya zauna a Gurin, daga baya ya kafa Yola a 1841, ya sha fama da manyan arɗo irin su Buba Njidda na Rai, waɗanda ba sa son a ce akwai wani a samansu in ba Sakkwato ba. Amma jarrabawa mafi girma ta zo ne da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, malami ne na gaske, mai jinin gidan Shehu, wanda ya zauna a Balda, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya yi shelar cewa sarakunan zamaninsa sun bar tafarkin kakanni. Da yawa daga abin da ya zarge su da shi gaskiya ne, shi ya sa talakawa da almajirai suka yi ta kwarara zuwa gare shi, har ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola a 1893. To, me ya biyo baya? Ya haɗa kai da Rabe, aka rushe Kukawa, ya wayi gari tamkar ɗaurarre a Dikwa a gidan surukinsa Rabe, da ya nemi fita a 1898 Fadlalla ɗan Rabe ya kashe shi. Ƙasar da aka raunana da wannan rikici ita ce Turawan Ingila suka ci babban birninta a 1901, Jamusawa suka fatattaki Zubairu a Garwa da Marwa, aka raba Fombina biyu da layin da har yanzu ya raba dangi da dangi. A 1907 Goni Wadai ya taso da tutar Mahadiyya ya nufo Garwa, Malam Alhaji ya tashi a wajen Marwa, bindigar Jamus ta gama da su cikin ɗan lokaci, aka bi waɗanda suka mara musu baya da kisa. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya jawo wa Kano bala'in 1980, almajiransa suka maimaita shi a Jimeta a 1984. Abin da Boko Haram ta yi wa Kolofata da Fotokol kuwa bai bushe ba tukuna. Dukansu da kukan zalunci suka fara, da kafirta wanda bai bi su ba suka ci gaba, talakan da suka ce sun zo ceta kuma shi ya fi kowa kwana a ciki.

Sai dai a ɗaya gefen, shirun da aka daɗe ana yi shi ma yana da tarihinsa, kuma ba daga littafi ya samo asali ba. Jamus da Faransa sun bar lamiɓe a kan gadajensu, suka ɗora musu tara haraji da 'yan aikin tilas, suka cire wanda ya ƙi. Wato wanda a da yake tsoron malamai da manyan fada da takardar Yola, sai ya koma tsoron Bature shi kaɗai. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, wanda ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya kafa dokar 1962 da ta mai da sukar hukuma laifi, ya haɗe jam'iyyu suka zama ɗaya a 1966, dokar 1977 kuma ta tsara sarakunan gargajiya daraja uku ta mai da su mataimakan gwamnati. A faɗi alherinsa: ya sauka daga mulki da ƙafarsa, abin da kaɗan ne suka yi a Afirka ta wancan zamani, amma ƙasar da ya saba mata da rufe baki ba ta sami mai buɗe baki dominsa ba sa'ad da aka yanke masa hukunci a bayan idonsa a 1984, ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa yana can har yau. Da aka yi zaɓen 12 ga Oktoba 2025, Isa Ciroma Bakari, shi ma ɗan Garwa, ya ce shi ya ci, majalisar tsarin mulki ta ce Paul Biya ne, aka fita tituna a Garwa da Duwala, aka rasa rayuka. Samarin da suka fita kuwa da yawansu ba su taɓa jin wani babba ya faɗi damuwarsu a gaban mai iko ba, balle su koyi yadda ake faɗarta da ladabi.

Ga misali na kusa da ya fi dacewa a fara da shi, tun da a hannunmu yake. A lamiɗoci da dama na kwarin Binuwai, idan kaka ta yi, akan bi manoma, har da baƙin da ba Musulmi ba, a karɓi wani kaso na amfanin gona da sunan zakka. Zakka kuwa ibada ce mai iyakoki: ana fitar da ita daga hatsin da ya kai ausuƙi biyar, ushiri in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in da wahalar ban ruwa aka noma, ba a karɓarta daga wanda ba Musulmi ba, auduga ba ta cikin abin da ake zakkar amfaninsa a mazhabar Malik, masu cin ta kuma kashi takwas ne da Suratut Tauba ta ƙididdige, farkonsu fakirai da miskinai. Ba na musun cewa fada tana da nauyi a kanta. Ita ke raba faɗan manomi da makiyayi idan shanu sun shiga gona, ita ke saukar da baƙo, ita ake ruga wa da dare idan masu satar mutane sun ɗauke ɗan wani, kuma duk wannan yana cin kuɗi. In akwai haƙƙin ƙasa a kan mai noma, to a kira shi haƙƙin ƙasa, a yanke adadinsa kowa ya sani, a ba da takardar shaida, a kuma tabbatar wa wanda ya share daji ya biya cewa ba za a tashe shi baɗi ba. Amma a sanya wa harajin sunan rukunin Musulunci, wannan yana cutar da miskinin da zakkar gaskiya ta wuce shi, yana kuma sa Batupuren da aka auna wa masara ya ɗauka addinin ne ya aiko a ƙwace masa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamin da ya faɗa wa lamiɗo wannan ya fi ƙaunarsa da mai ce masa ranka ya daɗe, daidai ne.

Daga nan ne maganar ta haɗu da kushu'i, domin zuciyar da ta rarraba tsoronta ga mutane ba ta iya tara shi wuri guda idan ta tsaya gaban Ubangiji. Girmama babba sunna ce, tuɓe takalmi a ƙofar fada da sassauta murya da kiran mutum da sarautarsa duk ladabi ne da babu mai hankalin da zai soke shi. Amma sunkuyon da ya kai ruku'u, da kai goshi ƙasa, an hana sahabbai yi wa Manzo kansa, Shehu kuma ya sanya shi cikin bidi'o'in gaisuwa a Ihya'us Sunna. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne a shigo da fada cikin masallaci: a aiko da darduma tun hantsi a kama wa wani sahun farko, a tashi tsohon da ya riga kowa zuwa, a tsallaka wuyan mutane liman yana kan mumbari, a jinkirta salla ta fita daga zaɓaɓɓen lokacinta don babban mutum bai iso ba, jama'a suna zaune a rana idonsu yana kan ƙofa. Wanda ya shafe huɗuba yana leƙen wa ya shigo, da wuya ya san surar da aka karanta.

Su ma masu inkari suna da nasu kason a wannan ɓarna, kuma ba ƙarami ba ne. Tun da saɓanin ƙabalu da sadalu ya shigo, aka bi shi da jayayyar 'yan ɗariƙa da masu kiran kansu Ahlus Sunna bayan kafuwar Izala a Jos a 1978, an ga unguwa guda da masallatai biyu suna fuskantar juna, lasifika tana amsa wa lasifika, an ga ɗa ya ƙi bin mahaifinsa salla a kan inda ake ajiye hannu, alhali kuwa sakin hannu da kama shi duk an ruwaito su daga Malik, babu kuma malamin kirki da ya ce ɗayansu yana ɓata salla. Mumbarin da aka mai da shi wurin kiran sunayen mutane da zagi ya yi daidai da wanda aka mai da shi wurin kirari, domin mai sauraro a duka biyun yakan fita da zuciya cike da wani mutum, ko don so ko don ƙi, ba da ambaton Allah ba. Shehu ya rubuta littattafai masu yawa yana yi wa ɗalibansa faɗa a kan kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba, kuma wannan faɗan yana kan jikokin ɗaliban har yanzu.

Saura tambayar da ake kauce wa: wa zai yi tasbihin? A al'adar ƙasar nan lamiɗo ne ke naɗa limamin babban masallaci, liman da alƙali kuma suna cikin manyan fada, kusa da Galadima da Kaigama, wanda asalinsa alheri ne, domin an yi haka ne don ilmi ya zauna kusa da kunnen mai mulki. Amma mutumin da hatsin gidansa da rigar sallarsa da kujerar Makkarsa duk daga hannu guda suke fitowa, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfin yawancin 'yan Adam idan aka ce ya tsaya ya ce wa wannan hannun a'a. Haka ma wanda albashinsa ke zuwa daga wata ƙungiya ta waje, ba zai iya saɓa wa masu aiko masa ba. Sahnunu na Ƙairawana bai karɓi alƙalanci ba sai da sarkin Aglabawa ya yarda hukunci zai hau har kan mutanen gidansa, bai kuma ci albashi a kai ba. Shehu an ruwaito cewa da tufkar igiya yake neman abin kansa. Ba kowane liman ne zai zama Sahnunu ba, amma jama'a suna iya rage masa nauyin. Garin da motocin masara ke fita daga cikinsa kowane mako ba zai kasa tsai da waƙafi ba: rumfuna biyu ko uku a kasuwa, ko gona a bakin fadama, a rubuta su da sunan masallaci a gaban shaidu da hukuma, a damƙa kulawarsu ga amintattun da masu salla suka zaɓa daga 'yan ɗariƙa da waɗanda ba 'yan ɗariƙa ba, a riƙa karanta lissafin shiga da fita sau ɗaya a shekara bayan sallar Juma'a, daga ciki a ciyar da liman da na'ibi da ladan, a kuma rubuta a takardar waƙafin cewa ba a yanke wa liman rabonsa saboda wata huɗuba da ya yi, sai in malamai sun zauna sun tabbatar ya saɓa wa nassi.